Shak mai tafiya a tudu: mene ne gaskiyar wannan kifin, kuma me yasa Indonesiya ta hana kama shi?

Duk bayan ɗan lokaci sai bidiyon nan ya sake dawowa a WhatsApp da Facebook, wani ɗan kifi siriri mai ɗigo-ɗigo a jiki yana jan ciki akan duwatsu a bakin teku, yana ɗaga fiffike ɗaya yana aje ɗaya kamar ƙadangare, a ƙasa kuma an rubuta wai shak ya fara fitowa tudu, wasu su ce sabuwar halitta ce aka gano, wasu su ce ɗumamar yanayi ce ta koro shi daga ruwa, akwai ma masu cewa haɗi ne na kwamfuta. Bidiyon dai ba haɗi bane, kifin yana nan da ransa, amma kusan duk bayanin da ake liƙa masa a ƙasa akwai gyara a ciki. Ga kuma doka da gwamnatin Indonesiya ta fitar a 2023 akan wannan kifin, wadda itama ta ƙara rikita mutane, don ba kowa ya gane wane kifi ta shafa wane ne bata shafa ba.

## Wane ne shak ɗin gora?

Da an ce shak abinda ke zuwa ma mutum a rai shine ƙaton kifi mai haƙora kamar zarto. To amma shak ya haura iri 500 a duniya kuma da yawansu ƙanana ne. Abinda ya haɗa su shine babu ƙashi na sosai a jikinsu, guringuntsi ne, irin wanda ke kunnenka da hancinka, sannan suna da tsagogin numfashi a fili a gefen kai, galibi biyar-biyar.

Dangin da muke magana a kai masana suna kiransu Hemiscylliidae, a bakin mutane kuma shak ɗin gora. In ka kalli ɗan ƙaraminsu, siriri dogo da zobe-zoben baƙi da fari a jere kamar gaɓoɓin gora, sunan bazai baka mamaki ba. Mafi yawansu basa wuce mita ɗaya, wanda ya haura ma da kaɗan ne, kuma fiye da rabin wannan tsawon wutsiya ce. Bakinsu ƙarami ne yana ta ƙasa, akwai ɗan gajeren gashin baki kusa da hanci wanda zai tuna maka da na tarwaɗa, sai wani rami a ƙarƙashin kowane ido da suke shaƙo ruwa ta nan. Wannan ramin da yadda suke bunƙasa baki suna tura ruwa shi yasa suke iya kwanciya a ƙasan teku wuni guda suna numfashi, saɓanin maganar da ake yawan yi wai duk shak in ya daina iyo mutuwa zai yi, wannan wasu manya ne kawai ta shafa. Wani abin kuma, babban reshen da suka fito daga ciki shine dai wanda ya haɗa da kifi mafi girma a duniya, shak ɗin nan mai kama da kifin wel, wato ɗan uwansu ne na nesa.

Dangin sun kasu gida biyu, kuma duk rikicin fahimta daga nan yake farawa. Gida na farko Chiloscyllium, su bakwai ne ko takwas, ya danganta da wanda ka tambaya, don akwai wani mai shuɗin ɗigo na tekun Madagaska da aka yi ma suna tun 1914, wasu masana na ƙirga shi daban wasu kuma na cewa ai mai farin ɗigo ne kawai da aka sani a Asiya. Waɗannan sun bazu sosai, tun daga Tekun Fasha, Indiya, Siri Lanka, Tailan, Indonesiya, Filifin, Taiwan har kudancin Japan da arewacin Ostareliya. Gida na biyu Hemiscyllium, su tara ne, kuma duniyarsu ƙarama ce, tsibirin Niyu Gini da kewayensa da arewacin Ostareliya kawai. Su ne ake kira shak mai tafiya. A Tekun Atlantika babu ko ɗaya daga cikin gidajen biyu, don haka masunci a Legas ko Kwatano ko Akara bazai taɓa jawo shi a koma ba.

## Maganar tafiya a tudu

Wanda aka fi ɗauka a bidiyo shine Hemiscyllium ocellatum, mai ƙaton baƙin ɗigo zagaye da fari a bayan fiffiken gaba, Turawa suka ga kamar aninin kafaɗar soja suka sa masa suna da haka, bari mu ce masa mai anini. An rubuta shi a littafin kimiyya tun 1788, kaga kenan batun sabuwar halitta bai ma taso ba.

Yadda abin yake, wurin zamansa fadama ce mara zurfi ta murjani, wato duwatsun nan masu rassa da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa, irin wadda ke tsibirin Heron a babban shingen murjani na Ostareliya inda aka yi yawancin binciken. Teku na cikowa tana janyewa a kullum, in ta janye sai ta bar ƴan kududdufai tsakanin duwatsu, wani ma ruwan bai kai gwiwa ba. Manyan kifaye masu farauta dole su bi ruwa su koma zurfi. Shi kuwa sai ya tsaya, ya zama shine sarki a wurin, ƙaguwa da jatan lande da tsutsar ruwa duk sun maƙale ba wurin gudu. Fukafukansa huɗu, biyu gaba biyu baya, masu kauri ne da tsoka kuma suna juyawa fiye da na sauran shak, sai ya riƙa lanƙwasa jiki hagu da dama yana dogara su, na gaban dama da na bayan hagu, sannan ya sauya. Mafi yawan wannan tafiyar a ƙarƙashin ruwa yake yinta, cikin lunguna da iyo bazai yiwu ba. Fitowa fili sai in kududdufi ya ƙafe masa ko yana so ya tsallaka na gaba, ya ja jiki ta kan jiƙaƙƙen dutse ya faɗa, shikenan.

Wanda ya san gaiwa da tarwaɗa zai ce ai mu ma muna da irinsu, to anan akwai bambanci babba. Gaiwa huhu gareta, iska take shaƙa kai tsaye, shi yasa take shiga laka ta kwana watanni har ruwa ya dawo. Tarwaɗa itama tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kai da take ɗibar iska da ita. Shak mai anini bashi da ko ɗaya, baya shaƙar iskar sarari kwata-kwata, abinda yake dashi juriya ce. Da dare in ruwa ya janye, murjani da duk halittun da ke cikin kududdufin suna ta zuƙar oksijin ɗin da ke ruwan ba mai mayarwa, kafin asuba zai iya raguwa da kusan kashi 80 cikin 100. Binciken da Gillian Renshaw da Goran Nilsson da abokan aikinsu suka yi ya nuna a irin wannan hali kifin yana rage bugun zuciya, hawan jininsa ya sauka, ya sassauta aikin wasu sassan ƙwaƙwalwa don tattalin ƙarfi, har yana iya kai awa guda cikin ruwan da babu oksijin ya farfaɗo lafiya lau. Akwai wasu kunkuru da kifaye masu irin wannan baiwa amma su cikin ruwan sanyi ƙarara suke yi, lokacin da jiki dama baya buƙatar komai sosai, shi kuwa cikin ruwan ɗumi na wajen digiri 25 zuwa 30 yake yi, wannan ne yasa har masu binciken shanyewar jiki da bugun zuciya a ɗan adam suke leƙo shi.

Saboda haka cewa ɗumamar yanayi ce ta koya masa tafiya ba daidai bane, ɗabi'ar ta daɗe tare dashi. Abinda wasu masu bincike suka faɗa shine wataƙila juriyar ta taimake shi in teku ta ƙara zafi, ƴan rubuta kanun labarai suka juya maganar.

## Cin abinci ba harshe

Suma ƴan ɗaya gidan suna da nasu abin kallo. Mai farin ɗigo, Chiloscyllium plagiosum, haƙoransa ƙanana ne masu tsini kuma basu kafe daram a muƙamuƙi ba, in ya kama abu mai laushi kamar ƙaramin kifi sai su tsaya su soke, in kuma ƙaguwa ce mai ɓawo sai su kwanta baya su zama kamar faranti ya murƙushe ta, haƙori ɗaya aiki biyu. Abincin zuƙo shi yake kamar mai shan fura da tsinke. To bayan ya shiga baki fa, tunda bashi da harshen da zai tura? A 2017 masu bincike a jami'ar Brown ta Amurka suka ɗauki hoton cikinsa yana ci, suka ga guringuntsin kafaɗarsa ne ke ja baya da sauri ya ƙara jan abincin zuwa ciki, wato da kafaɗa yake haɗiya.

## Ƙwai, da abubuwan da suka faru a gidajen kifi

Shak da yawa haihuwa suke, waɗannan kuwa ƙwai suke sakawa, bibbiyu, cikin wata ƴar jaka mai tauri launin ƙasa-ƙasa wadda bata wuce tafin hannu ba, tana da zare-zare da ke maƙalewa a murjani ko ciyawar ruwa. Uwa ta aje ta tafi abinta. Ɗan yana ciki yana cin gwaiduwa wata uku zuwa huɗu, in ka haska jakar da tocila zaka ganshi yana kaɗa wutsiya ba tsayawa, ruwa yake turawa ya shigo masa da oksijin. Wannan kaɗawar kuma ita ke tona masa asiri wurin masu cin ƙwai. A 2013 masana a jami'ar Yammacin Ostareliya suka gwada sakin ƴar wutar lantarki mai rauni, irin wadda jikin kifi mai farauta ke fitarwa, kusa da ƙwan mai zoben ruwan ƙasa, Chiloscyllium punctatum, sai ɗan ya tsaya cak, ya daina motsa tsagogin numfashi, ya naɗe wutsiya har abin ya wuce. Ƴan ramukan da ke kan shak masu jin lantarki sun fara aiki kenan tun bai fito duniya ba. Mai anini in ya ƙyanƙyashe wajen santimita 15 yake, daga ranar shi ke ciyar da kansa.

Da yake ƙanana ne kuma suna jure zaman tanki, manyan gidajen nuna kifaye da yawa a duniya suna da su, anan ne aka ga abubuwan da ba'a iya gani a teku. A gidan kifi na Steinhart da ke San Faransisko, wasu matan mai zoben ruwan ƙasa da aka raba da maza tun 2007 suna ta saka ƙwai, a 2012 ɗaya ya ƙyanƙyashe. Aka gwada ƙwayoyin gado aka ga ɗan yana da uba, ma'ana uwar ta adana maniyyi a jikinta wata 45, kusan shekara huɗu. Wannan daban yake da abinda ya faru a gidan kifi na Belle Isle a Ditiroyit a 2002, inda mai farin ɗigo da bata tare da namiji ta saka ƙwai suka ƙyanƙyashe, daga baya gwaji ya tabbatar babu uba sam, ƙwan ne ya haɗu da wani ɓangare na kansa. Ana ganin irin haka a wasu ƙadangaru da macizai ma. Mutane kan cakuɗa labaran biyu, amma ɗaya ajiya ce ɗaya kuma haihuwa ba namiji, kuma ta biyun tana rage bambancin gado a cikin ƴaƴa don komai daga uwa ɗaya ya fito.

## Me yasa iri tara a ɗan wuri ɗaya?

A watan Janairun 2020 jaridu suka cika da cewa an gano sabbin shak masu tafiya guda huɗu. Gaskiyar ita ce huɗun an riga an yi musu suna, galei na mashigin Cenderawasih da henryi na mashigin Triton, duka a yankin Papuwa na Indonesiya, a 2008, michaeli na mashigin Milne a Papuwa Niyu Gini a 2010, sai halmahera na tsibirin Halmahera da ke Indonesiya a 2013. Abinda ya fito a 2020 sakamakon aikin shekara 12 ne da Christine Dudgeon ta jami'ar Kwinslan ta jagoranta tare da masana na Indonesiya da Amurka, inda suka kwatanta ƙwayoyin gadon duka taran. A ƙiyasinsu wannan gida ya rabu da ƴan uwansa wajen shekara miliyan 9 da suka wuce, wanda a lissafin masana, da suke ba shak tarihin sama da shekara miliyan 400, kamar jiya ne.

Dalilin rarrabuwar yana cikin halin kifin. Baya ƙetare ruwa mai zurfi, baya tafiya mai nisa, ƙwansa a maƙale yake a ƙasa, ba kamar yawancin kifin murjani ba da ƴaƴansu ke yawo a saman ruwa igiya ta kai su ɗaruruwan kilomita. Inda aka ƙyanƙyashe shi nan zai girma nan zai mutu. Yankin Niyu Gini kuma wuri ne da ƙasa bata zauna lafiya ba, tsibirai na matsawa, duwatsu na tasowa, teku ta hau ta sauka a zamunan ƙanƙara, duk sanda wani rami mai zurfi ko bakin babban kogi ya raba zuri'ar kifin gida biyu sai kowacce ta ci gaba ita kaɗai har zanen jikinta ya sauya. Shi yasa kusan kowane iri da unguwarsa, kuma da zanen fata ake fi bambanta su, wani ɗigonsa kamar na damisa wani kamar an sa masa hula baƙa.

Sunan galei ma da labarinsa, a 2007 aka yi gwanjo a Monako ana sayar da damar raɗa ma sabbin halittun ruwa suna don tara kuɗin kare tekun Papuwa, aka biya dala 500,000 aka sa ma kifin sunan wani mai suna Jeffrey Gale. Mutanen tsibiran Raja Ampat da ke yammacin Papuwa kuwa dama suna da sunan da suke kiran nasu, kalabiya.

## Dokar 2023: wa ta kama, wa ta bari

A farkon 2023 ma'aikatar harkokin teku da kamun kifi ta Indonesiya ta fitar da hukunci mai lamba 30, wanda ya ba shak mai tafiya cikakkiyar kariya, duka iri shida da ake samu a ruwan ƙasar cikin taran. Cikakkiyar kariya na nufin ba kamawa ba sayarwa, babba ko ƙarami ko ƙwai. Dokar gidan Hemiscyllium kaɗai ta ambata. Ƴan gidan Chiloscyllium basa ciki, alhali su ne aka fi kamawa, suna shiga komar manyan jiragen da ke share ƙasan teku a Indiya da Tailan da Malesiya da kudancin Sin, ana cin namansu, ana kai su kasuwar kifin ado. Haka yarjejeniyar cinikin namun dawa ta duniya da aka yi zamanta a Panama a 2022 ta saka manyan shak masu yawa da ake kashewa don fiffike cikin jerin waɗanda aka taƙaita cinikinsu, su waɗannan ƙananan basa cikin wancan jerin.

Masu goyon bayan dokar hujjarsu ita ce ƙanƙantar mazauni. Kifin da duk duniyarsa mashigi ɗaya ce, in aka cike gaɓar don gina tashar jirgi, ko laka daga ma'adinai da saran daji ta rufe murjanin, ko ƴan kasuwar kifin ado suka yi masa dirar mikiya, to babu wani wuri da zai sake fitowa, ga kama shi ba wuya, da dare da tocila da hannu ma ana ɗauka. Halmahera misali yanzu cibiyar haƙar ƙarfen nikel ce. Ta ɗaya ɓangaren akwai masu ganin an fara da mai sauƙi ne, don shak mai tafiya dama ba wani abincin kasuwa bane, hana shi baya taɓa aljihun manya, alhali a jerin IUCN, ƙungiyar duniya mai lissafa halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, mai anini na Ostareliya yana cikin waɗanda ba'a damu da su ba, shi kuwa Chiloscyllium hasseltii da ba kowa ya san shi ba yana cikin masu fuskantar ƙarewa. Akwai kuma masu kiwon kifin ado da ke cewa tunda suna hayayyafa a tanki cikin sauƙi, a ƙarfafa kiwo shine zai kashe kasuwar na daji, masu kare muhalli su amsa da cewa in ba takardar shaida mai ƙarfi, na daji ne zai riƙa fita da sunan na kiwo. Sai matsalar da kowa ya yarda da ita, Indonesiya tsibiri sama da 17,000 ce, sa ido akan kowane lungu ba ƙaramin aiki bane.

Kan zafin teku ma ba'a tsaya a magana ɗaya ba. Babban kifin jarumi ne, wannan ba musu. Amma a 2021 Carolyn Wheeler da Jodie Rummer da abokan aikinsu suka rena ƙwan mai anini a zafi daban-daban, na digiri 27 suka ɗauki wajen kwana 125, na digiri 31 suka cinye gwaiduwarsu da wuri suka fito a wajen kwana 100, ƙanana kuma a gajiye. Digiri 31 ɗin shine abinda ake hasashen ruwan wurin zai iya kaiwa lokacin zafi zuwa ƙarshen wannan ƙarni, kuma ƙwai baya tashi ya koma inuwa.

## Talaka fa, ina abin ya same shi?

Ƙaramin masunci a Papuwa ko Maluku ta Arewa wanda ke haɗawa da kama kifin ado don ƙarin kuɗin cefane, shi dokar ta rufe ma wannan ƙofar, in kuma kifin ya faɗo masa a raga bisa kuskure abinda ya rage shine ya mayar dashi ruwa. Maƙwabcinsa mai ɗakunan baƙi ko mai raka masu nutso shi riba ya samu, don a Raja Ampat da Halmahera fita da dare kallon wannan kifin na cikin abinda baƙi ke biya, kuma da yake baya barin unguwarsa, wanda aka nuna ma baƙon yau shi za'a nuna ma na wata mai zuwa. Sai dai ƙauyen da baƙi basa zuwa bashi da wannan madadin, kuma sune suka fi yawa.

A gaɓar Indiya da mashigin Tailan lissafin daban ne, can shak ɗin gora kifi ne mai araha da ke zuwa cikin tarkacen koma, in ya ragu masu sayen kifi mai sauƙin kuɗi da mata masu busarwa su zasu fara ji, kuma raguwar tasa alama ce cewa ƙasan tekun gaba ɗaya ta sha shara. A ɗakunan bincike kuma darajarsa hawa take, a 2018 cibiyar binciken kimiyya ta RIKEN da ke Japan ta fitar da taswirar ƙwayoyin gadon mai zoben ruwan ƙasa, a Sin kuma ana kiwon mai farin ɗigo saboda wasu ƙananan sinadaran garkuwar jiki da shak ke da su waɗanda ake gwadawa ko zasu yi amfani wurin haɗa magani da kayan gwajin cuta. Wannan aikin har yanzu a matakin gwaji yake, duk wanda ya tallata maka maganin shak a intanet da sunan wannan binciken ba daga can ya samo shi ba.